Gargaɗi ga Ma'aikatan Sharaɗa, Challawa da Bompai: Ƙarfe a Zuciya da Haɗarin Shanyewar Ɓarin Jiki

Duk wanda yake da ɗan'uwa ko abokin aiki da aka yi wa tiyatar zuciya, aka sa masa ƙarfe ko batir, ya warke ya koma bakin inji a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, to wannan magana tasa ce, kuma ba mai jira ba ce. Mu Kanawa mun iya tara kuɗin tiyata. A yi shela a rediyo, a baza hoton mara lafiya a Facebook, a zagaya da takardar asibiti a masallacin Juma'a, abokan aiki su yanki wani abu daga albashin da ba ya kai su ƙarshen wata, har a haɗa miliyoyin da za a kai shi Indiya ko wani babban asibiti a Kudu. Ya dawo, a cika gida da barka da arziki, a watse. Kowa ya ɗauka an gama. Alhali daga wannan ranar haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya fara bin sa, kuma zai ci gaba da bin sa muddin yana raye.

Yawancin masu ƙarfe a zuciya a ƙasar nan ciwonsu ya faro ne tun ƙuruciya, daga abin da aka raina. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ba shi maganin maleriya ko a kai shi wajen wanzami a cire beli, ciwon ya lafa. Idan wata ƙwayar cuta ce da allurar fenisilin za ta kashe, kuma ba a yi ba, garkuwar jikin yaron na iya juyowa ta afka wa ƙofofin da ke cikin zuciyarsa, waɗanda likitoci ke kira bawul. Shekaru su shuɗe, ƙofar ta tsuke ko ta daina rufuwa, saurayi ya fara haki idan ya ɗauki buhu, ƙafa ta kumbura, barci ya gagara sai a jingine. Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kashe sama da 300,000 duk shekara, kuma cunkoson ɗaki da talauci ne abokan tafiyarsa. Wanda ya san yadda ake kwana a gidajen haya na Ja'en da Panshekara da Dakata, inda leburorin kamfanonin nan ke zaune da iyalansu, ya san cutar ba ta rasa wurin zama a wajenmu ba.

Idan ƙofa ta lalace ƙwarai, sai a cire ta a sa ta roba da ƙarfe, wadda ake jin ƙararta ƙas-ƙas a ƙirji idan wuri ya yi tsit. Matasa ita aka fi sa musu, domin tana daɗewa, ba kamar wadda ake yi da naman dabba ba, da kan gaji bayan wasu shekaru, musamman a jikin mai ƙuruciya. Amma jini bai san ƙarfe ba. Duk inda ya taɓa baƙon abu, sai ya nemi daskarewa a kansa. Gudan jinin na iya maƙale ƙofar ta kasa motsi, ko ya ɓalle ya bi jijiya ya hau kai ya toshe hanyar jinin ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki da ake gani a saurayi ɗan shekara 25 wanda bai taɓa yin hawan jini ba. Wani bincike da aka buga a 1994, wanda ya tattara bayanan dubban masu ƙofar ƙarfe, ya nuna cewa idan ba a shan maganin tsinka jini, kimanin mutum 4 cikin 100 ne gudan jini ke yi wa mummunar illa duk shekara. Da magani, adadin yana sauka zuwa kusan 1. A lura, duk shekara aka ce, kuma shekarun taruwa suke yi.

Maganin shi ne wafarin, ƙwaya ƙarama mai sauƙin kuɗi, mai wuyar sha'ani. Idan ta yi kaɗan jini ya daskare, idan ta yi yawa jini ya tsinke har ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa, wanda shi ma shanyewar jiki ne, kuma ya fi saurin kisa. Ba a gane inda aka tsaya da ido ko da yadda jiki yake ji. Sai an ɗebi jini an yi gwajin da ake kira INR. Mai lafiya lambarsa tana wajen 1. Mai ƙofar ƙarfe ana so tasa ta tsaya tsakanin 2 da 3, ko 2.5 da 3.5, gwargwadon ƙofar da aka sauya da abin da likitansa ya rubuta. Gwajin nan ko komai lafiya ana son a riƙa yin sa kamar sau ɗaya a wata, kuma a ƙara kusanta shi duk lokacin da aka sauya wani magani ko aka yi rashin lafiya.

A nan ne rayuwar kamfani take karo da umarnin likita. Akasarin masu aiki a masana'antun fata da roba da tabarma da alewa 'yan wucin gadi ne, ranar da ba ka zo ba babu kuɗinta. Zuwa asibiti gwaji yana nufin asarar wuni, ga kuɗin mota, ga kuɗin gwajin, ga fargabar kada shugaban sashe ya gane kana da ciwon zuciya ya nemi wani a madadinka. Sai mutum ya ɓoye. Wata ɗaya ya wuce, uku su wuce, jiki garau, sai ya ce ai ya warke. Aikin karɓa-karɓa kuma yana rikita lokacin shan magani: wannan mako aikin dare, mako mai zuwa na safe, yau an sha da magariba, gobe an manta, jibi an haɗa biyu don a rama. Haɗa biyun nan ganganci ne. Wanda ya manta kuma ya tuna a ranar, ya sha. Idan kwana ya riga ya juya, ya ci gaba da ta ranar kawai, ya faɗa wa likita a zuwansa na gaba. A watan azumi ma ba a ajiye ta. Sau ɗaya ake sha a wuni, sai a tsayar da lokaci bayan buɗa-baki da sanin likita, a kuma yi gwaji kafin watan da cikinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kemis ɗin bakin ƙofar kamfani. Lebura ya tashi aiki jikinsa na tsami, ya tsaya ya ce a ba shi na ciwon jiki, a haɗa masa ƙwayoyi uku ko huɗu a leda. A ciki da wuya a rasa daiklofenak ko aibufurofen ko asfirin. Ga mai shan wafarin, waɗannan suna iya huda masa ciki ya yi ta zubar da jini, bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin, shi kuma ya ce basir ne. Flagyl da Septrin, da ake saye kamar gyaɗa don gudawa ko tari, suna ƙara ƙarfin wafarin cikin 'yan kwanaki har lambar gwajin ta haura inda jini zai ɓalle. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin akasin haka yake yi, yana karya ƙarfinta, jini ya koma daskarewa alhali mutum bai fasa shan ƙwayarsa ko sau ɗaya ba. Ga gadagi da sauran jiƙe-jiƙen ƙarin kuzari da maganin basir na cikin jarka, waɗanda mai sayarwar kansa bai san adadin abin da ya zuba ba. Mai ƙarfe a zuciya ba shi da hurumin gwada ko ɗaya. In ciwon jiki ne, farasitamol kaɗan ya wadatar, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a je asibiti. Haka nan ƙaho da tsaga da cire haƙori a kasuwa: duk abin da zai fitar da jini, sai da izinin likitan da ya san lambarsa.

Akwai kuma masu kemis da ke cewa wafarin tsohon yayi ce, ga sabon maganin tsinka jini da ba ya buƙatar gwaji. Gaskiya ne akwai su, kuma suna da amfani ga wasu marasa lafiya. Amma an gwada ɗaya daga cikinsu, dabigataran, a kan masu ƙofar ƙarfe, aka dakatar da binciken tun bai kai ƙarshe ba, domin shanyewar jiki da zubar jini duk sun fi yawa a masu shan sa. An buga sakamakon a 2013. A 2022 wani babban bincike a ƙasashe masu tasowa ya gwada ribaroksaban a kan masu lalacewar ƙofa irin wadda ciwon maƙogwaron ƙuruciya ke jawowa da bugun zuciya marar tsari, aka samu cewa masu shan wafarin sun fi tsira da rai. Duk wanda ya sauya maka magani a kan teburin kemis, da ranka yake wasa.

Batun abinci an cika zuzuta shi. Wasu iyalai kan hana mara lafiya zogale da alayyahu da rama da kabeji gaba ɗaya. Ganyaye suna rage ƙarfin wafarin, haka ne, amma abin da ake so shi ne kada a yi ta hawa da sauka: a ci gwargwadon da aka saba kullum, likita ya daidaita ƙwaya a kai. Abin gudu shi ne a kwana biyu ba a ci ba, damina ta faɗi a wayi gari ana kwaɗon zogale safe da yamma.

Mata suna da nasu kason na musamman. Wafarin na iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12 na ciki, ita kuma uwa idan ta ajiye ta da kanta, ƙofar na iya toshewa. Mace mai ƙarfe a zuciya da mijinta su ga likita tun kafin a samu ciki, in kuma wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, a je a makon, kada a jira ciki ya fito. Dangin miji masu matsa lambar haihuwa su ji wannan da kyau. Sannan ga ciwon raunin zuciya na bayan haihuwa, wanda arewa maso yammacin Nijeriya ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suna alaƙanta shi da wankan jego da kunun kanwa, kuma binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta ya nuna yana kama kusan mace 1 cikin masu haihuwa 100 a yankinmu. Zuciyar da ta saki ba ta tura jini da ƙarfi, jinin ya kwanta a cikinta ya yi guda, gudan ya hau kai. Mai jego da ke haki da kumburi da tari cikin dare, asibiti take buƙata, ba ƙarin ruwan zafi ba.

Idan zuciya ta gaza gaba ɗaya, a nan ne dillalan asibitocin waje ke shigo wa masu hali da zancen famfon zuciya ko dashe. Famfon nan inji ne ƙarami da ake dasawa a ƙasan zuciya, yana zuƙo jini yana tura shi jiki, da waya da ta huda fatar ciki ta fito zuwa batura biyu da mutum ke rataye da su dare da rana. Ya ceci rayuka da yawa a Amurka da Turai. Amma a duba tarihinsa kafin a sayar da fili. Samfurin HeartWare, a wani gwaji da aka buga a 2017, kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sun gamu da shanyewar jiki cikin shekara biyu, idan aka kwatanta da kashi 12 na masu HeartMate II. Ranar 3 ga Yuni 2021 kamfanin Medtronic ya dakatar da sayar da shi, saboda yawan illa ga ƙwaƙwalwa da kuma yadda wasu famfunan ke ƙin tashi bayan sun tsaya. Wanda ya fi inganci yanzu, HeartMate 3, a gwajin da aka kammala a 2019, kusan mutum 1 cikin 10 ya samu shanyewar jiki cikin shekara biyu. Wannan fa a manyan asibitocin Amurka ne, inda ake da ma'aikata masu amsa waya kowane lokaci da gwajin jini a kusa.

Yanzu a kawo wannan inji Kano. Baturansa ba sa kai kwana guda cur sai an sauya an yi caji. Masu kamfanoni a Challawa da Sharaɗa sun fi kowa sanin halin wutar lantarkinmu, tunda dizal ya rufe masana'antu fiye da yadda za a lissafa a nan, kuma ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa suka shafe fiye da mako cikin duhu. Ramin da wayar ta fito ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, ga gumi ga ƙurar hunturu. Zafin Afrilu na ƙafar da ruwan jiki, famfo ya rasa isasshen jinin zuƙa. Mai famfo yana shan wafarin shi ma, kuma zubar jini a hanji na cikin matsalolin da suka fi damun su. Sau da yawa ba a jin bugun jijiya a hannunsa domin jinin zuba yake ba bugawa ba, ma'aunin hawan jini na gida ba ya karanta shi daidai, alhali hawan jinin na cikin manyan abubuwan da ke jawo masa shanyewar jiki. Idan ya suma, wanda bai sani ba zai taɓa hannu ya ce rai ya yi halinsa. Babu Alhajin da zai shigo da inji daga Jamus ya kafa a Bompai ba tare da ya tanadi makaniki da kayan gyara da janareta ba. To, me zai sa a yi wa zuciyar ɗan Adam abin da ba a yi wa injin roba? Kafin a biya ko sisi, a tambayi asibitin a rubuce: wane likita ne a Nijeriya zai ci gaba da duba shi, ina za a samu batir da na'urar sarrafawa idan ta lalace, nawa ne kuɗin shekara guda bayan tiyata.

Dashen zuciya kuwa a nahiyarmu aka fara shi. Ranar 3 ga Disamba 1967 Dakta Christiaan Barnard ya yi na farko a asibitin Groote Schuur da ke birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, kuma mutumin da aka yi wa, Louis Washkansky, ya rayu kwana 18 kafin ciwon huhu ya kashe shi, domin magungunan da aka ba shi don kada jikinsa ya ƙi sabuwar zuciyar sun karya garkuwarsa. An ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, yanzu kusan rabin manyan da aka yi wa dashe suna wuce shekara 12, amma wannan matsalar ba ta gushe ba. Magungunan hana ƙin dashe har abada ake sha, suna buɗe ƙofa ga tarin fuka da sauran cututtuka, suna jawo hawan jini da ciwon sukari da lalacewar ƙoda, kuma biyun farko su ne iyayen shanyewar jiki. Sabuwar zuciya an yanke jijiyoyin jin zafinta, don haka hanyoyin jininta na iya toshewa mutum bai ji ciwon ƙirji ba. Zuciya ba kamar ƙoda ba ce da ɗan'uwa zai ba ka ɗaya ya rayu da ɗaya, irin dashen da Asibitin Malam Aminu Kano ke yi tun 2002. Sai wani ya rasu, a dasa cikin sa'o'i kaɗan. A Indiya doka ta ce ba a bai wa baƙo gaɓar mamaci sai an rasa ɗan ƙasa mai buƙata. Duk dillalin da ya yanka maka ranar dashe da farashi tun kana Kano, ka riƙe kuɗinka.

Ko da famfo ko babu, ko da ƙarfe ko babu, alamomin shanyewar jiki iri ɗaya ne, kuma ya kamata kowane mai gadi da direba da shugaban sashe ya haddace su. Baki ya karkace gefe. Hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta saki. Magana ta sarƙe ko mutum ya kasa gane abin da ake faɗa masa. Ido ɗaya ya dushe farat ɗaya, ko ciwon kai mai tsanani da bai taɓa jin irinsa ba. Ko da alamun sun gushe bayan minti goma, ba sauƙi ba ne, sanarwa ce cewa babba na tafe. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko koko, domin haɗiyarsa ta lalace, abin zai faɗa huhu. Kada a ba shi asfirin. Babban binciken SIREN da aka yi a Ghana da Nijeriya, har da Kano, wanda aka buga a 2018, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na shanyewar jiki a yankinmu fashewar jijiya ce, ba toshewa ba, kuma asfirin a wannan hali ƙara zubar jini yake. Ba a rarrabe su sai da hoton ƙwaƙwalwa. Saboda haka a nufi babban asibitin da ke da na'urar, irin na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, kada a ɓata lokaci a kemis. Allurar narkar da gudan jini, ga wanda ya cancanta, cikin sa'a huɗu da rabi na farko take aiki, ga mai wafarin da jini ya zuba masa kuma akwai maganin da ke karya ƙarfinta idan an isa da wuri. Na san da yawa za su ce iska ce ta buge shi, a fara kiran malam. A yi addu'a, a yi ta da gaske, amma a cikin mota a kan hanyar asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Binciken nan na SIREN ya kuma nuna cewa hawan jini shi ne tushen kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a wajenmu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda abin ya same su ba su kai shekara 50 ba. Shekarun masu tsayuwa bakin inji ke nan. Hawan jinin da aka bari shi ne kuma ke gajiyar da zuciya har a kai ga zancen famfo da dashe.

Ya ku masu kamfanoni, Alhazanmu da baƙi 'yan Lebanon da Sin da Indiya, abin da ake roƙo a wajenku bai kai kuɗin dizal ɗin wuni guda ba. Ku ajiye ma'aunin hawan jini a ɗakin shan magani, a auna kowa lokaci-lokaci. Ku bai wa mai ƙarfe a zuciya rabin wuni a wata ya je gwaji ba tare da an yanke masa lada ba, ku kuma tabbatar masa faɗin ciwonsa ba zai zama sanadin korarsa ba. Ku ɗauke shi daga injin kankare fata da wuƙaƙen yankan roba da hawan tsani, domin rauni ko buguwar kai da wani zai share ya ci gaba da aiki, shi zai iya kai shi kushewa. Mai batirin daidaita bugun zuciya kuma a nisanta shi da walda da manyan injuna masu ƙarfin maganaɗisu har sai likitansa ya amince. Ƙungiyoyin ƙwadago su saka wannan cikin abin da suke zama a kai da masu kamfani, tare da rajistar ma'aikata a inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta.

'Yan'uwa da abokan arziki da suka tara kuɗin tiyata, aikinku bai ƙare ba. A cikin abin da aka tara a ware na gwaji da magani na shekaru, a naɗa mutum ɗaya a gida da zai riƙa tambaya duk wata ko an je. Kai kuma ɗan'uwa mai ƙarfe a ƙirji, rubuta sunan maganinka da lambar gwajinka ta ƙarshe da wayar likitanka a kati, ka sa a aljihun rigar aiki, ka nuna wa wanda ke tsaye kusa da kai a bakin inji. In wata ya wuce ba ka yi gwaji ba, ka nemi izini gobe da safe ka je.